Zauren Mai Gina Shafi: Me Ya Sa Baƙi Ke Ɓata a Shafinmu?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka faɗo, wato menu, jerin sunayen nan da ke saman shafin intanet ko gefensa, wanda mutum ke dannawa ya isa inda ya nufa. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban wata makarantar kuɗi ta firamare da sakandare a Zariya. Bara aka gina mana shafi, kuma babu abin da ba mu zuba a ciki ba. Amma har yau iyaye bugo waya suke yi suna tambayar nawa ne kuɗin zango, yaushe za a dawo hutu. Shin mutanenmu ne ba sa son karatu, ko shafin ne da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Iyayen yaranka ba su da laifi. Na buɗe adireshin da ka turo a wayata, na ƙirga abubuwa 14 a menu. Na farko Tarihin Makaranta, sai Jawabin Mai Makaranta, sai Manufofinmu, sai Hukumar Gudanarwa, sai Sashen Mulki, haka dai har ƙasa. Na sa kaina a matsayin uba mai 'ya'ya uku da ke son sanin abin da zai tanada kafin ƙarshen wata. Sai da na shiga Sashen Mulki, daga nan na shiga Ofishin Akanta, sannan na tarar da wata takardar PDF mai suna Sanarwa ta 3. A cikinta kuɗin yake. Ni da wannan ce sana'ata sai da na yi kuskure sau biyu kafin na kai. To ina ga wanda ke tsaye a bakin shagonsa, datarsa ta kusa ƙarewa, ga lambar wayarku a gabansa?

Abin da ya faru da ku shi ne abin da ke faruwa da yawancin makarantu, asibitoci da ƙungiyoyin da na yi wa aiki. An ɗauki tsarin ofisoshin gida an mayar da shi menu. Kai ka san kuɗin makaranta aikin akanta ne, akanta kuma yana ƙarƙashin sashen mulki, domin kullum a cikin ginin kake. Uban yaro bai sani ba, kuma babu dalilin da zai sa ya sani. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Shi menu saboda baƙon ake yin sa.

Ko gwamnatoci sun sha wannan wahala. A shekarar 2012 gwamnatin Birtaniya ta buɗe shafin GOV.UK, wanda ya tattara ayyukan ma'aikatunta wuri guda, aka jera su bisa abin da ya kawo mutum: fasfo, haraji, tuƙi, haihuwa da aure da mutuwa. Mai neman sabunta lasisin tuƙi ba sai ya san sunan hukumar da ke bayarwa ba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ko sisi ba zai ci maka ba. Ka ba wanda ke ɗaga wayar makaranta littafi ɗan 40, tsawon mako biyu duk tambayar da aka yi ya rubuta ta da kalmomin da mai tambayar ya faɗa, kada ya gyara masa Hausa ko Turanci. Mai gadi ma a tambaye shi, domin shi ne ke fara karɓar baƙo. Bayan mako biyu ku zauna ku ƙirga. Ina kyautata zaton abin da zai fito ba zai wuce wannan ba: Kuɗin Makaranta, Neman Gurbi, Ranakun Zango da Hutu, Sakamakon Jarrabawa, Inda Muke da Lambar Waya. To menu ɗinku ke nan. Sai ku ƙara na shida, Game da Makaranta, a nan tarihi da jawabi da hukumar gudanarwa za su zauna cikin mutunci.

Na san inda gizo ke saƙar. Mai makaranta ba zai ji daɗin a ce jawabinsa ya sauka daga layi na biyu ba. Na sha zama a irin wannan taro, kuma gardama ba ta taɓa fisshe ni ba. Littafin nan shi ke fisshe ni. Ka ajiye masa a gaba ya karanta da idonsa sau nawa aka tambayi kuɗi, sau nawa aka tambayi jawabi. Mutum ne da ya zuba dukiyarsa don a kawo yara, zai gane.

Sannan don Allah ku fitar da kuɗin daga PDF ku rubuta shi a kan shafin, aji-aji. PDF sai an sauke shi, yana cin data, kuma a ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsu biyu kafin a ga lamba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da rumfa a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa, leshi, shadda da mayafai, 'yata kuma ta sa an yi mini shafi. A kwamfuta yana da kyau. A waya kuwa ba ka ganin komai sai babban hoto da wasu layuka uku a kusurwa. Yaron da ya yi ya ce haka ake yayi. Kwastomomina kuma sai su ce ba su ga leshi ba. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, kwastomominki sun fi yaron gaskiya, ko da yake shi ma ba daga kansa ya ƙago ba. Layukan nan uku tsofaffi ne. Wani mai zane, Norm Cox, shi ya zana su don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, kuma Turawa na kiran su hambaga saboda sun yi kama da burodi biyu da nama a tsakiya. Da wayoyin shafa suka yawaita, fuska ta ƙanƙance, sai masu gina shafi suka ga sun sami akwatin da za su tura komai a ciki su rufe.

Matsalar ita ce abin da aka rufe ba a cika nemansa ba. Ke da kanki kin san haka, shi ya sa ba kya barin sabon leshi a cikin dila, sai kin warware kin rataye a bakin rumfa. Kamfanin Nielsen Norman Group na Amurka, wanda aikinsa ke nan nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya gwada wannan a 2016, ya ga cewa idan aka ɓoye menu mutane kan rage amfani da shi, kuma sukan daɗe kafin su sami abin da suke nema. Manyan kamfanoni ma sun ja da baya. Facebook ya dawo da manyan maɓallansa fili a ƙasan fuskar iPhone a 2013, Spotify ya bi sahu a 2016. Ki duba WhatsApp ɗin da ke hannunki yanzu: hira, sabbin abubuwa, kira, duk ga su a jere a ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa.

Ni wannan darasi a gida na koye shi. Shekarun baya na gina wa wani asibiti mai zaman kansa shafi, na tura lambar wayarsu cikin layuka ukun nan don fuskar ta yi tsaf. Wata rana da yamma jikan gwaggona ya kama zazzaɓi mai zafi, ta ce in nemo mata lambar asibitin. Hannuna na riƙe da yaron, sai na ce ta buɗe a wayarta. 'Yar itel ce, gilashin ya tsage ta gefe. Ina kallonta ta ja shafin sama, ta ja ƙasa, ta danna hoton likitan da ke murmushi, ta danna sunan asibitin, ta sake ja har ƙarshe. Layukan uku na nan a kusurwar dama, daidai inda tsagar ta bi, ko sau ɗaya yatsanta bai je wajen ba. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, babu lamba a nan." A daren na fito da lambar fili, na sa ta a saman kowane shafi, tun daga ranar kuma duk aikin da na gama sai na miƙa wa wani babba a gidanmu kafin in miƙa wa mai shi.

Ki ce wa yaron da ya yi miki shafin ya fito da abubuwa huɗu fili, manya, da rubutu, tun kafin babban hoton: Atamfa, Leshi, Shadda, Mayafai. Sauran, irin su tarihin rumfa da ƙa'idar mayar da kaya, su zauna a bayan layukan uku, amma ya rubuta kalmar "Menu" a gefensu. Maɓallin yi miki magana ta WhatsApp ya kasance yana bin mutum duk inda ya je, tunda a can cinikin ke faɗawa.

Ya kula da girman abin dannawa. Apple na ba da shawarar kada ya gaza ɗigo 44 a tsawo da faɗi, Google kuma 48, wato kusan milimita 9, kimanin faɗin kan yatsa. A bar tazara tsakaninsu, kada mai son shadda ta faɗa leshi. Ya kuma guji irin menu ɗin nan da sai an ɗora linzamin kwamfuta a kansa yake zubo da 'ya'yansa, domin waya ba ta da linzami. Kafin ki biya shi cikon kuɗinsa, ya gwada a gabanki a Tecno ko itel mai arha, ya kuma gwada a Opera Mini, saboda yanayinta na matse data kan hana wasu menu masu motsi buɗewa gaba ɗaya.

Akwai abin da ke kika fi shi sani. Mata ba kullum suke zuwa da sunan yadi a baki ba. Wata cewa za ta yi anko take nema na mutum 30, wata kayan lefe, wata ɗinkin Sallah na yara. Ki sami 'yan katuna, ki rubuta sunan kaya ɗaya a kowane kati, ki ba kwastomomi uku ko huɗu da kika saba da su, kowace ita kaɗai, ki ce ta kasa su kashi-kashi yadda ta ga ya dace, ta kuma raɗa wa kowane kashi suna. Idan Anko da Lefe suka yi ta fitowa, to sun cancanci wuri a sama. Masu sana'armu na yin wannan wasan kati a manyan kamfanoni, ke kuma za ki yi shi a kan benci a rumfarki.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a wata kwalejin fasaha. An koya mana cewa menu kada ya wuce abubuwa 7, kuma komai a same shi cikin dannawa 3. Doka ce?

Amsa: Ƙanena, ka rubuta su a jarrabawa idan an tambaya, amma ka san asalinsu. Lamba 7 ta fito ne daga aikin masanin halayyar ɗan Adam George Miller a 1956, kuma shi magana yake a kan yawan abin da mutum ke iya riƙewa a ka na ɗan lokaci. Menu kuwa a gaban ido yake, ba haddace shi ake yi ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne binciken William Hick na 1952, cewa lokacin yanke shawara na ƙaruwa idan zaɓi ya ƙaru. Saboda haka rage tarkace yana da amfani, sai dai abubuwa 10 masu bayyanannun sunaye sun fi 5 da aka cusa wa suna irin "Sauran Abubuwa".

Dannawa 3 kuma, wani mai nazarin shafuka, Joshua Porter, ya gwada ta a 2003, bai ga mutane na ficewa don sun wuce dannawa uku ba. Abin da ke korar mutum shi ne ya danna ya ji bai san inda ya faɗo ba. Don haka ka nuna masa inda yake: sunan sashen da yake ciki ya fi sauran kauri ko ya canza launi, a saman shafi kuma ka bar masa sawu, kamar Farko › Atamfa › Holan, yadda zai koma baya taki ɗaya. Tambarin kamfani a kusurwar sama ya mayar da shi shafin farko, domin haka ya saba gani a ko'ina. Na san kuna da zumuɗin ƙirƙiro abin da ba a taɓa gani ba. Ku kai wannan zumuɗin ga launi da hoto, ku bar ƙofa a inda mutane suka saba samun ƙofa.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa daga Maraɗi. Ƙungiyar manoma ce gare mu, shafinmu da Faransanci yake, yanzu muna so mu ƙara Hausa. Mai gina mana ya ce zai sa tutar Faransa da tutar Nijar don a zaɓi harshe. Ya dace?

Amsa: Ina amsawa, Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Kada ya sa tuta. Tuta alamar ƙasa ce, kuma tutar Nijar ta Bazabarme ce, ta Bafulatani ce, ta Buzu da Babarbare ce kamar yadda take ta Bahaushe. Manomin Jibiya ko Illela da ya shigo shafinku neman farashin wake ba zai gane cewa wannan tuta Hausa take nufi ba. A rubuta sunan kowane harshe da harshen kansa, Hausa da Français, a kusurwar sama, a fili. Kada a tura shi cikin menu na Faransanci, domin wanda ya fi buƙatarsa shi ne wanda ba zai iya karanta menu ɗin ba. Idan kuma mutum ya canza harshe yana kan shafin farashin gero, ya tsaya a kan farashin gero, kada a jefa shi farko.

Fassarar sunayen kuma ku yi ta da kanku, ku da kuka san bakin manomanku. Na'ura za ta ba ku kalmomin da ke cikin ƙamus amma babu mai faɗinsu a kasuwa. Farashin Hatsi, Iri da Taki, Labarin Damina, Shiga Ƙungiya: irin waɗannan nake nufi. Ku lura Hausa kan fi tsawo a rubuce, don haka a gwada a ƙaramar waya kada kalma ta guntule. Ƙaramin hoto a gefen kalma, kamar zangarniyar gero ko buhun taki, zai taimaki wanda karatunsa bai yi nisa ba, amma kada hoton ya tsaya shi kaɗai babu rubutu.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da kuke rubutawa a Nijar inda mu a Najeriya muke sa 'y. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata kama daban kamar baƙo a cikin 'yan'uwansa. Noto na Google da Andika na SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Akwatin bincike kuma a saita shi ya ɗauki k da ƙ a matsayin abu guda, domin yawancin mutane ba sa lanƙwasa harafi a waya. Wanda ya rubuta "kasa" ya sami "ƙasa". Idan wata rana kuka ƙara ajami, wanda zai yi wa manoma da yawa daɗi, ku tuna dukan menu ɗin juyawa zai yi ya faro daga dama.

Tambaya: Malam, ni makaho ne, malamin makaranta a Kaduna. Da TalkBack nake amfani, wayar na karanta mini abin da na taɓa. Shafuka da yawa idan na kai kan menu sai in ji ta ce maɓalli kawai, ba suna. Wasu kuma sai na saurari jerin abu 20 kafin in kai ga labarin. Don Allah ka yi wa abokan sana'arka magana.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka rubuto, kuma maganarka ta isa inda ka aike ta. 'Yan'uwana masu gina shafi, wannan namu ne. Idan ka sa alama babu rubutu, ko layuka uku ne ko gilashin bincike ko kwandon sayayya, to ka ba ta suna a cikin lambobin ginin shafin (code), yadda manhajojin karanta wa makafi, TalkBack da VoiceOver da NVDA, za su faɗa wa mutum "buɗe menu". Aikin layi ɗaya ne. Ka sa mahaɗi a can farkon shafi mai cewa "Tsallaka zuwa labari", don kada Malam ya sake sauraron jerin nan a kowane shafi. Ka kuma shaida wa shafin cewa da Hausa yake, da alamar harshe ta "ha".

Akwai gwajin da nake yi wa kowane aiki. Nakan ture linzami gefe, in bi menu da maɓallin Tab na allon rubutun kwamfuta kaɗai, in ga ko zan iya buɗe kowane reshe in rufe shi, kuma ko ina ganin inda nake a kowane taki. Sannan in kunna TalkBack, in rufe ido, in nemi lambar waya. Ƙa'idojin nan ba sababbi ba ne. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu nakasa, tun 1999, na baya-bayan nan mai lamba 2.2 ya fito a 2023, a ciki har an faɗi cewa bambancin hasken rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari na iya burge ka a ofis mai labule, amma dattijo mai raunin gani ba zai karanta shi ba, haka ma ɗan acaɓa da ke duba waya a tsakiyar rana a watan Afrilu.

Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da shafuka, ya daɗe yana cewa, tun shekarar 2000, mutum biyar sun isa su tona maka yawancin matsalolin shafi idan ka ba su aiki ka zauna ka yi shiru kana kallo. Ina roƙon a cikin biyar ɗin nan a riƙa sa mutum ɗaya irin Malam, a kuma biya shi ladan lokacinsa.

Malam, idan ba damuwa, ka turo mini sunayen shafuka uku da suka fi wahalar da kai ta hannun edita. Wanda na san mai shi zan kira shi da kaina, sauran kuma zan rubuta musu, abin da suka ce zan kawo shi a wannan fili.